Zaman aro a ƙasar waje don nazarin haɗin gwiwar jami'a da masana'antu: wane shiri ake yi, a wane ofishi ake zama?

Ɗan Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman haske a kan zaman aron da ake tura malamin jami'a ƙasar waje, wata uku ko shida, ya je ya ga yadda jami'o'in can ke aiki da masana'antu. Wane shiri ake yi kafin tashi, kuma idan an isa a wane ofishi ya kamata mutum ya zauna? Rahotannin da ake dawowa da su yawanci hotunan gine-gine ne da na injuna, bayan shekara kuma ba ka jin an ƙulla ko kwangila guda da wani kamfani a nan Jos.

Malamar Naraguta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da sanin wanda zai biya, domin shi ne mai kafa dokokin zaman. Ɗaya daga hanyoyin da aka sani ita ce shirin musayar ma'aikata na Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda a da ake kira RISE. Mutum ba ya nema shi kaɗai. Gungun jami'o'i da kamfanoni ne ke nema tare, aikin yana iya kaiwa shekara 4, kowane ma'aikaci kuma ana iya tura shi daga wata 1 zuwa wata 12. An yarda a raba zaman, a je a dawo a sake komawa, muddin jimillar ta kai wata guda.

Abu biyu ne ke kayar da mutane a nan. Kuɗin da shirin ke bayarwa ba albashi ba ne, ƙari ne na jirgi da masauki da abinci, albashinka yana nan a wuyan jami'arka. Kuma kuɗin ba ya zuwa hannunka daga Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, kai tsaye, yana bi ta jami'ar da ke jagorantar gungun a Turai. Saboda haka ka tambaya a rubuce: za a ba ni kafin in tashi ne, ko sai na kashe nawa a mayar mini? Idan mayarwa ce, kuɗin ajiyar haya da hayar watan farko da tikiti duk daga aljihunka za su fito, da naira, a canjin ranar. Na biyu, dokar shirin ta ce lokacinka gaba ɗaya na aikin ne muddin kana can. Wanda ya tafi da kwasa-kwasansa yana koyarwa ta intanet da dare ya saɓa yarjejeniya, kuma ya cuci kansa, domin da rana barci zai riƙa yi a taron da ya je dominsa.

A gida kuwa, takardar sakin ma'aikaci tana tashi daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya zuwa magatakarda. Kada ka karɓi wadda ta ce "an amince ya tafi" kawai. Ta faɗi cewa albashi zai ci gaba, watannin za su shiga lissafin ƙarin girma, ta kuma ambaci wanda zai riƙe kwasa-kwasanka da ɗaliban da kake dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan takarda kaɗai tana iya cin zangon karatu guda idan kwamitin bai zauna ba.

Akantan Rayfield:
Malama ta gama magana a kan kuɗi, bari in ƙara na biza. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ta ɗan gajeren zama kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180. Zaman wata shida ba ya shiga cikinta, sai bizar ƙasa ta masu bincike, wadda a Jamus take buƙatar yarjejeniyar masauki daga cibiyar da za ta karɓe ka. Masu raba zama gida biyu su riƙa ƙirga kwanakin baya, domin lissafin yana tafiya ne da ranar da kake ciki, ba ya sabunta don ka fita ka dawo. Ingila kuma tun 2021 masu bincike a wasu fannonin kimiyya da injiniyanci sai sun sami takardar ATAS, wato shaidar tantancewar tsaro ta gwamnati, kafin su fara aiki, tana ɗaukar makonni, kuma bayanin aikin da ka rubuta a cikinta dole ya dace da wanda mai masaukinka ya rubuta. Inshorar lafiya ta matafiya ba lallai ta wadatar ba idan za ka shiga ɗakin gwaji ko farfajiyar masana'anta. Ka tambayi wa ke da alhakin idan ka ji rauni ko ka lalata na'ura.

Lauyan Tudun Wada:
Tambayar Akanta ta ƙarshe amsarta tana cikin yarjejeniyar aro, kuma ita ce takardar da malamai ke sa wa hannu ba su karanta ba. Takardu uku ne. Yarjejeniyar aro tsakanin jami'arka da mai masauki, yarjejeniyar riƙe sirri, sai yarjejeniyar miƙa samfuri idan za ka tafi da wani abu ko ka dawo da shi.

A ta farko, ka nemi shafin da ake lissafa abin da kowa ya zo da shi kafin a fara aiki. Idan kana da wata dabara ta busar da tumatir ko wani tsarin injin gyaran acca da ka riga ka zana, ka rubuta shi a wannan shafi da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba, idan aka inganta shi a can, rigimar ta zama wa ya ƙirƙira, kuma littafin aikinsu na ɗakin gwaji ya fi maganar bakinka nauyi. Dokarmu ta rajistar ƙirƙira ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Kenan ba kai ne mai ikon sa hannu ka ba da shi ba, jami'arka ce. Jamus ta soke wa farfesoshi ikon mallakar ƙirƙirarsu a 2002, ta mayar wa jami'o'i, amma Suwidin har yanzu malami ne mai abinsa. Amurka kuma tun dokar Bayh-Dole ta 1980 jami'a ce ke riƙe abin da aka gano da kuɗin gwamnatin tarayya. Wanda zai je nazarin wannan fanni ya san wace doka ke aiki a inda ya sauka, in ba haka ba zai kwatanta abin da bai kwatantu ba.

A yarjejeniyar sirri, ka duba wa'adi, ka duba sharaɗin wallafa. Abin da aka saba shi ne kamfani ya ga rubutunka kwana 30 kafin ka aika, ya iya neman jinkiri na wasu watanni don a shigar da rajista. Idan aka rubuta cewa ba za ka wallafa ba sai da izininsu, ba tare da wa'adi ba, kada ka sa hannu. Za ka dawo da littafi cike da bayanai da ba ka da ikon faɗa wa ko shugaban sashenka.

Injiniyan Bukuru:
Duk wannan shirin tafiya ne. Ni kashi na biyu na tambayar ya fi damuna, wato inda za a zauna. Mai masauki zai so ya zagaya da kai ɗakunan gwaji, domin nan ne abin nunawa. Kwana biyu sun isa wannan. Wurin zamanka shi ne teburin masu ƙulla kwangila da lissafin farashi. Ka roƙi a ba ka aiki guda da aka riga aka kammala, a goge sunan kamfani idan sirri ne, ka bi shi daga kiran waya na farko har ranar da kuɗi ya shiga asusu. Wa ya ɗauki kiran? Kwana nawa kafin a aika kiyasin farashi? Hannu nawa aka sa wa kwangilar? Wa ya yanke cewa aikin ya cika? Idan sakamako bai fito yadda kamfani ke so ba, an biya ko ba a biya ba?

Ɗauki Fraunhofer ta Jamus, ƙungiyar cibiyoyin da ke yi wa masana'antu bincike, wadda aka kafa a 1949. Kowa yana dawowa da labarin cewa a cibiyarsu ta Erlangen aka haɓaka MP3. Abin da ya kamata a dawo da shi shi ne tsarin kuɗinsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne gwamnati ke bayarwa a matsayin tushe, sauran sai sun nemo ta kwangilar kamfanoni da ayyukan gasa. Kuma tun shekarun 1970 an ɗaure girman kuɗin tushen da yawan abin da cibiya ta samo daga waje. Cibiyar da ba ta nemo ba, tushenta ba ya girma. Shugaban cibiya kuma yawanci farfesa ne a jami'ar da ke kusa, shi ya sa ɗaliban digiri na uku ke aiki a kan matsalar kamfani ba tare da an kafa kwamitin haɗin gwiwa ba. Wannan ɗaurin guda biyu ne injin abin, kuma ba a ganinsu a hoto.

Farfesa Gangare:
Injiniya, na yarda da teburin kwangila, ban yarda da Fraunhofer a matsayin abin koyi gare mu ba. Wannan tsari yana tsaye ne a kan dubban matsakaitan kamfanoni da ke ƙera injuna nasu, suna da injiniyoyinsu, suna da kasafin bincike. Masana'antarmu ta abinci ko ta roba yawanci ta sayi layin injinta ne cikakke daga waje, da yarjejeniyar gyara da wanda ya sayar. Irin waɗannan yarjejeniyoyi ne NOTAP, hukumarmu ta kula da shigo da fasaha, ke yi wa rajista tun kafa ta a 1979. Mai irin wannan masana'anta ba sabon ilimi yake nema ba. Yana son ya san me ya sa garinsa ke dunƙulewa da damina, me ya sa tukunyar tururinsa ke cin gas fiye da bara. Idan mai bincike ya kwashe wata shida yana nazarin cibiyar da ke da ɗaruruwan ma'aikata, zai dawo ya rubuta shawarar a gina cibiya, a nemi fili, a sayi na'urori, shi ke nan an binne maganar.

Abin da ya dace da mu ƙarami ne. Ingila tana da shirin KTP, na haɗa jami'a da kamfani, tun 1975, da farko da wani suna. Matashi guda mai digiri ake ɗauka, jami'a ce ke biyansa amma a cikin kamfanin yake zama, wata 12 zuwa 36, a kan matsala guda da aka rubuta. Malaminsa yana ba da rabin yini a kowane mako. Ƙaramin kamfani yana biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin, babba kusan rabi, gwamnati ta cika. Ko kuma gidauniyar Steinbeis ta Stuttgart a Jamus, inda farfesa ke buɗe ƙaramar cibiya da sunan gidauniyar, ita ta riƙe masa kwangila da lissafi ta cire kasonta, cibiyar kuma idan ba ta samu aiki ba sai ta rufe. Ba gini, ba bikin buɗewa.

Ɗan Anguwan Rogo:
Ranka ya daɗe, wannan KTP ɗin ba SIWES ɗinmu ba ne, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu? Ga hedikwatar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu mai kula da shirin, nan a Jos, ɗalibanmu kuma kowace shekara suna fita masana'antu.

Farfesa Gangare:
A'a ɗana. ITF tun 1971 take, SIWES kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1970, amma manufarta ɗalibi ya ga aiki. Shi ne mai karɓa. Yana cike littafin rahoto, malami ya leƙa sau ɗaya idan an samu kuɗin mota. A KTP kamfani ne mai karɓa, ya sa kuɗinsa, akwai jadawalin aiki da ake zama a duba bayan kowane 'yan watanni, akwai adadin da aka ce za a kai, misali rage asarar kaya daga kaza zuwa kaza. Wanda ya biya yana bibiya. Sai dai SIWES tana da amfanin da ba mu ci ba: ziyarar duba ɗalibai ita ce kaɗai lokacin da malami ke shiga masana'anta da hujja. Wanda ya shiga da ido zai fito da jerin matsaloli.

Injiniyan Bukuru:
Farfesa, ban ce a kwafi ginin Fraunhofer ba, ɗaurin kuɗin na ce. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tana da asusun bincike na ƙasa. Da za a ce wani kaso ba ya fita sai kamfani ya sa nasa, ko da kaɗan ne, an ɗauki darasin ba tare da an aza bulo ba. KTP ɗin ma ai haka ne, kuɗin gwamnati yana bin kuɗin kamfani. Inda muka rabu shi ne girma. Kuma kada mu raina masu ƙera injuna a gida. Maƙeran Dilimi da na Bukuru suna ƙera injin niƙa da na ɓare masara da na haɗa abincin kaji, ba su da zane, ba su da lissafin ƙarfin motar da ke juya injin, ba sa gwada taurin ƙarfe. Su ne matsakaitan kamfanoninmu. Mai zuwa aro ya nemi a kai shi wurin kamfani mai ma'aikata 20 da ya taɓa aiki da jami'a, ba wurin mai ƙera jirgin sama ba. Cibiyar binciken ƙere-ƙere ta Sheffield a Ingila da aka kafa tare da Boeing a 2001 abin sha'awa ce, amma tambayar da za ka yi a can ita ce yadda suke karɓar ƙaramin mai walda.

Malamar Naraguta:
Tun da nazari aka je yi, bari in yi maganar yadda ake tattara bayanan, domin nan ma ana zubar da wata shida. Ka fita da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, ka kuma tambayi ko mai masauki yana buƙatar tasa. A Turai dokar kare bayanai ta fara aiki tun 2018: kafin ka naɗi muryar mutum sai ya sa hannu, ka faɗa masa inda za a ajiye da ranar da za a goge, kuma ɗauko naɗin zuwa Najeriya yana da nasa sharaɗin. Ka warware wannan a makon farko.

Jerin waɗanda za ka yi hira da su kada ka bar wa ofishin mai masauki shi kaɗai, domin zai haɗa ka da waɗanda suka ji daɗi. A ƙarshen kowace hira ka tambaya: wa kuka sani da ya gwada aiki da jami'a bai sake komawa ba? Ga kowane aiki ka ji ɓangare uku, malamin, injiniyan kamfanin, da ma'aikacin ofishin kwangila, daban-daban. Malami zai ce an yi nasara domin an wallafa takarda, injiniya zai ce na'urar tana cikin kwali domin ba ta jure ƙurar masana'anta ba. Akwai ma'aunin matakan nunar fasaha, wato yadda ta kusa shiga aiki, daga 1 zuwa 9, yana taimakawa a nan. Jami'a takan tsaya a mataki na 3 ko 4, abu ya yi aiki a ɗakin gwaji. Kamfani ba ya son taɓawa sai ya kai 7, ya yi aiki a inda za a yi amfani da shi. Ka tambayi wa ya biya kuɗin tsakiyar, nawa, kuma a ɗakin wa aka yi. Ingila ta kafa cibiyoyin Catapult daga 2011 saboda wannan giɓin.

Kuma ka nemi takardu, ba jawabi ba. Samfurin kwangila, takardar lissafin farashi, fom ɗin da malami ke cikewa idan ya ƙirƙiri wani abu, ƙa'idar raba ladan lasisi, da ƙa'idar ƙarin girma. Ingilawa ma sun saki samfuran yarjejeniya tsakanin jami'a da kamfani kyauta bayan rahoton Lambert na 2003, kowanne da irin rabon mallakarsa.

Akantan Rayfield:
Takardar lissafin farashi ita ce a gaba. Malamanmu suna kiyasi ne da kuɗin sinadarai da na mota, su manta da kwanakin aikinsu, da awannin na'ura, da man janareta, da kason jami'a. Can kowace na'ura tana da farashin awa, kowane mataki na ma'aikaci yana da farashin yini. Idan ka ce aikin kwana 10 ne na malami da kwana 25 na mai taimako a ɗakin gwaji da awa 40 na na'ura, kamfani ya san abin da yake saya, kai ma ka san inda za ka rage idan ya ce ya yi tsada.

Amma ga inda abin da aka gani a can ke karyewa a nan. A 2015 aka mayar da kuɗin jami'o'in tarayya asusun bai ɗaya na gwamnati. Kamfani ya biya yau, mai bincike ya rubuta takardar neman a saki kuɗin sinadari, ta bi ofisoshi, mai masana'anta kuma yana jiran amsa cikin mako biyu domin kayansa na lalacewa. Shi ya sa da yawa ke karɓar aikin a ɓoye da sunansu, jami'a ba ta samu ba, aikin ba shi da inshora, ba ya kuma shiga tarihin kowa. Mai zuwa aro ya auna kwanakin da ke tsakanin shigar kuɗi da ikon kashe shi a can, ya zo ya auna na gida, ya ajiye lambobin biyu a gaban ma'ajin jami'a. Sai a yi maganar ko kamfanin tuntuɓa na jami'a zai iya riƙe irin waɗannan ƙananan ayyuka. A lissafa harajin kaya na kashi 7.5 da harajin da kamfani ke cirewa tun daga tushe, kada a ga kuɗi ya iso da giɓi a ce an yi cuta.

Sai yajin aiki. Na 2022 ya ci wata takwas. Kwangilar da ba ta faɗi abin da zai faru idan aka rufe ƙofar jami'a ba, kamfani mai hankali ba zai sa mata hannu ba.

Likitan Dabbobi na Vom:
Ina bin ku tun ɗazu. Akwai abin da ba a ambata ba, shi ne ko sakamakon gwajinmu yana da daraja a idon mai saye. Mai haɗa abincin kaji yana son a auna masa danshin masara da gubar afalatoksin a ƙulin gyaɗa. Masara idan danshinta ya haura kashi 13 zuwa 14 a rumbu, fumfuna ta kama. Idan ɗakin gwajinka ba shi da shaidar ISO 17025, wato ta ingancin ɗakunan gwaji, ma'auninka ba a daidaita shi ba tun da aka saye shi, lambar da ka ba shi ba za ta tsaya masa a gaban mai sayen kayansa ba. Gara ya aika Legas ya biya ninki. Don haka a can ka shiga ofishin mai kula da inganci, ka ga littafin daidaita na'urori, wa ke yi, bayan wata nawa, nawa ake kashewa a shekara.

Kuma kafin a hau jirgi a duba na gida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924 take, tana yin rigakafin dabbobi tana sayarwa, har da na cutar kaji mai jure zafi da ake kai wa ƙauyuka. Cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar da Aflasafe, mai rage gubar afalatoksin a amfanin gona, ta ba kamfani lasisin yi da sayarwa. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta fitar da maganin Niprisan na amosanin jini, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, kamfanin ya durƙushe bayan wasu shekaru, maganin ya yi wuyar samu har sai da aka nemi wani mai yi. Wanda ya karanta waɗannan uku kafin tafiya zai isa can da tambaya mai kaifi.

Lauyan Tudun Wada:
Likita ya kawo misalin da ya dace. Darasin lasisin da ya tsaya yana cikin sharuɗɗa uku da ya kamata mai aro ya nemi ganin yadda ake rubuta su a can. Lasisi na kamfani guda ne ko ana iya ba wani? Akwai mafi ƙarancin abin da dole kamfani ya yi ko ya biya a shekara? Idan ya kasa ko ya karye, haƙƙin yana komawa ga cibiya kai tsaye ko sai an je kotu? Ofisoshin da suka daɗe a harkar ba sa ba da lasisin mutum guda ba tare da matakan cikawa da sharaɗin komawa ba.

Wani tarkon kuma yana jiran mutum ranar dawowa. Za a ce ya gabatar da abin da ya samo a taron tsangaya. Idan akwai ƙirƙira a ciki da ba a shigar da rajistarta ba, wannan jawabin ya kashe sabuntarta a Turai, domin can babu rangwame ga wanda ya bayyana abinsa da kansa. A shigar tukuna. Daga ranar shigarwa akwai wata 12 na neman fifiko a wasu ƙasashe, ta hanyar PCT kuma, wato yarjejeniyar ƙasashe kan rajistar ƙirƙira, ana samun har wata 30 kafin a zaɓi ƙasashe a fara biyan manyan kuɗi. A kuma sani cewa rajistarmu ta gida ana duba cikar takardu ne, ba a binciken ko abin sabo ne. Takardar da aka rataye a ofis ba hujja ba ce cewa za ta tsaya idan aka ƙalubalance ta. Ofisoshin miƙa fasaha da NOTAP ta fara kafawa a jami'o'i tun 2006 nan ne ya kamata a fara kai magana kafin a hau mumbari.

Farfesa Gangare:
Duk da haka tushen matsalar yana cikin fom ɗin ƙarin girma. Malami yana samun maki a kan takardar da ya wallafa. Wanda ya kwashe shekara yana gyara wa masana'antar biskit matsalar tanda, rahotonsa na sirri ne, ba shi da maki. Me zai sa ya sake? A jami'o'in kimiyyar aiki na Jamus ba a ba mutum kujerar farfesa sai yana da shekara 5 na aiki, 3 daga ciki a wajen jami'a. Ya shigo da lambobin wayar abokan aikinsa na da, shi ya sa kwangila ke zuwa. Mai aro ya dawo da ƙa'idar ƙarin girma ta wurin da ya zauna, ya nuna layin da ke ba aikin kamfani maki da irin shaidar da ake karɓa, ya kai wa kwamitin da ke duba tamu.

Injiniyan Bukuru:
A nan kam ba mu da saɓani ranka ya daɗe. Sai dai gyaran fom yana cin shekaru, mai aro kuma zafinsa wata uku ne. Kafin ya tashi ya zaɓi kamfani guda a Jos ko Bukuru, ya zauna da mai kula da injuna, ba da manajan hulɗa da jama'a ba, su rubuta matsala guda a shafi ɗaya: menene, nawa take ci a wata, me aka gwada. Ya tafi da shafin. Idan ya dawo, aikin farko kada ya wuce mako 6 zuwa 8, farashi ƙayyadadde, rabi kafin a fara, rahoto shafi biyar da mai masana'anta zai iya karantawa a tsaye. Yarjejeniyar fahimtar juna da ake sa wa hannu a ɗauki hoto ba ta ɗaure kowa, kada a ƙirga ta.

Ɗan Anguwan Rogo:
Allah ya saka da alheri. Saura guda. Idan matsalar ta shafi acca ko dankali, ana iya tafiya da samfuri a gwada a na'urorinsu?

Likitan Dabbobi na Vom:
Dankali ɗanye ka manta da shi, Tarayyar Turai tana da tsauri ƙwarai a kansa saboda cututtukan shuka, a filin jirgi za a karɓe. Acca ko gari sai da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, mai masauki kuma ya tabbatar tun da wuri ko yana buƙatar izinin shigarwa daga nasu ɓangaren. Cibiyoyin Turai suna ƙarƙashin ƙa'idar Nagoya a kan albarkatun halittu, don haka za su tambayi asalin irin da shaidar izinin fitar da shi, wasu ba za su buɗe kunshin ba sai sun gani. A aika ta kamfanin jigila da sunan cibiya zuwa cibiya, da yarjejeniyar miƙa samfurin da Lauya ya ambata, a rubuta nauyi, da gwajin da aka yarda a yi, da abin da za a yi da ragowar. A raba samfurin gida biyu daga buhu ɗaya, rabi ya zauna a nan cikin leda mai rufi, a auna shi a namu ɗakin a mako guda da nasu, a kwatanta lambobin.